Haƙƙin Rai a Kan Mai Shi: Tausasa wa Kai da Neman Agaji Yayin Damuwa a Mahangar Musulunci

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin matsayin tausasa wa kai da neman agajin mutane yayin damuwar yau da kullum a shari'ar Musulunci. An yi la'akari da rayuwar karkarar Kano, inda aka ɗauki Dagumawa ta ƙasar Wudil a matsayin madubi. An bibiyi dalilai daga Alƙur'ani da Sunna, da littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukanmu, da kuma gadon malaman Daular Usmaniyya. Abin da maƙalar ta tabbatar shi ne, an daɗe ana cakuɗa haƙuri da yin shiru, ana kuma cakuɗa yi wa kai hisabi da azabtar da kai, alhali shari'a ta rarrabe su. A ƙarshe an bayyana nauyin da ke kan malami, kasancewarsa ƙofar farko da mai damuwa yake ƙwanƙwasawa.

1.0 Gabatarwa

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, gaisuwar Bahaushe ba ta bar wa mai damuwa wurin tsayawa ba. Idan an ce "Ina gajiya?" amsar ita ce "Ba gajiya." Idan an ce "Yaya gida?" sai a ce "Lafiya lau," ko da kuwa ba a runtsa ba a gidan. Wannan ladabi ne mai kyau, domin yana ɗauke da godiya ga Allah da rufin asiri. Matsalar takan taso ne idan amsar gaisuwa ta zama ita ce kaɗai amsar da mutum yake da ita, har ga mahaifiyarsa, da amininsa, da malaminsa, da likitansa, har ma ga kansa.

Dagumawa ɗaya ce daga cikin mazaɓu goma na Ƙaramar Hukumar Wudil. Ita kuwa Wudil tana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kimanin kilomita 40 daga birni, a bakin kogin da ke gangarawa Haɗeja. Rayuwar yankin ta dogara ne da noma da kiwo da su, da kuma hada-hadar kasuwar Juma'a mai shahararriyar kara. Damuwar mutanen irin wannan wuri sananniya ce: manomin da ambaliya ta cinye masa gona bayan ya ci bashin taki, matashin da ya kammala karatu shekaru suna shuɗewa babu aiki, mai jegon da ta kasa gane dalilin kukan da take yi alhali ta sauka lafiya, bazawarar da ta dawo gida da 'ya'ya, da ɗalibin da yake maimaita alwala har jam'i ya wuce shi. Dukkansu an ce musu su yi haƙuri, kuma gaskiya aka faɗa musu. Tambayar ita ce: wane irin haƙuri? Shin a cikinsa akwai damar mutum ya sassauta wa ransa, ya kuma buɗe baki ya ce a taimake shi?

2.0 Fayyace Kalmomi

Abin da ake nufi da tausasa wa kai a nan shi ne abin da malaman tarbiyya suke kira ar-rifƙu bin nafsi, wato mutum ya yi wa ransa irin mu'amalar da zai yi wa ɗan'uwansa Musulmi da ya faɗa cikin irin halinsa: ya gaya masa gaskiya ba tare da zagi ba, ya ba shi haƙƙinsa na barci da abinci da hutu, kada kuma ya yanke masa ƙauna. Ya sha bamban da son kai, wanda shi ne fifita kai a kan haƙƙin wasu. Haka nan ya sha bamban da bin son zuciya, wanda shi ne sakar wa rai linzami. Mai tausasa wa kansa yakan yarda ya yi laifi idan ya yi, sai dai yakan tsaya a kan laifin, ba ya yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mutumin kirki ba ne har abada.

Masana halayyar ɗan Adam na wannan zamani sun mayar da hankali kan batun. A shekarar 2003 Kristin Neff ta Jami'ar Texas a Amurka ta bayyana shi da rukunai uku: kyautata wa kai a maimakon tsangwamarsa, da tuna cewa wahala da kuskure rabon kowane ɗan Adam ne, da kuma kallon abin da ke cikin zuciya yadda yake, ba tare da musanta shi ko nutsewa a cikinsa ba. Ta ɗauko tushen tunanin ne daga koyarwar addinin Buda. Musulmi ba ya buƙatar aron wannan tushe, domin nasa ya fi zurfi: ransa ba mallakarsa ba ne, amana ce ta Allah a hannunsa, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Ita kuma damuwar yau da kullum, ana nufin baƙin ciki kan abin da ya wuce, da zullumi kan abin da ke tafe, da ƙunci da fushi da gajiyar zuciya, waɗanda babu wanda ya tsira daga gare su. Akwai matakin da takan wuce haka ta zama cuta, kuma za a zo kansa.

3.0 Rai Yana da Haƙƙi

Asalin wannan babi shi ne ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah Ya yarda da su, kamar yadda Bukhari ya ruwaito. Salmanu ya ziyarci ɗan'uwansa, ya tarar da matarsa ta bar kwalliya domin mijinta ya juya wa duniya baya. Sai ya ƙi cin abinci har sai da Abud Darda'i ya karya azumin nafilarsa, ya kuma hana shi tsayuwar dare har zuwa ƙarshensa. Sannan ya sanar da shi cewa Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi. Da labarin ya kai ga Annabi (SAW) sai ya gaskata Salmanu. Abin lura shi ne an jera haƙƙin rai tare da haƙƙin Allah da na iyali, kuma haƙƙi abu ne da ake bin mutum bashinsa.

Irin wannan ya faru da Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, wanda ya ɗora wa kansa azumi kullum da tsayuwar dare duka. Annabi (SAW) ya yi ta rage masa, shi kuma yana neman ƙari. Da tsufa ya kama shi sai ya riƙa fatan da ma ya karɓi rangwamen. Haka nan Annabi (SAW) ya sa an kwance igiyar da Nana Zainab ta ɗaura a masallaci domin ta riƙa dafawa idan ta gaji da salla, ya yi umarni mutum ya yi salla gwargwadon nishaɗinsa. Ya kuma ga wani dattijo ana riƙe da shi tsakanin 'ya'yansa biyu saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya bayyana cewa Allah Mawadaci ne daga wannan azabtar da kai, ya umarce shi ya hau abin hawa.

Idan ibada, wadda ita ce dalilin halitta, ba a yarda a karya rai a cikinta ba, to ina ga baƙin ciki? A Suratul Kahfi aya ta 6, da Suratu Faɗir aya ta 8, Allah Ya ja hankalin Manzonsa kada ya halaka kansa da baƙin cikin ƙin imanin mutanensa, duk da cewa babu baƙin cikin da ya kai wannan tsarki. A Suratu Maryam kuma, aya ta 23 zuwa 26, naƙuda da tsoron abin da mutane za su ce sun kai Nana Maryam ga fatan da ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a tsawata mata ba. An lallashe ta, an nuna mata ruwa da dabino, an umarce ta ta ci ta sha ta kwantar da hankalinta. Wannan tsari ne da ya kamata duk mai zama da mai jego ya yi tunani a kansa: lallashi da abinci sun riga wa'azi. Nana A'isha ma takan sa a dama wa gidan da aka yi rasuwa talbina, wani kunu na garin sha'ir, tana mai kafa hujja da bayanin Annabi (SAW) cewa yana sanyaya zuciyar majinyaci, yana kuma rage wani sashe na baƙin ciki. Ashe kunun da maƙwabta ke aikawa gidan makoki yana da asali.

Manomin Dagumawa da ya sayo shanun huɗa a karar Wudil ya san cewa idan ya hana su ruwa da inuwa saboda zumuɗin gama aiki, ba za su kai shi ƙarshen damina ba. Malaman tarbiyya sun daɗe suna kamanta rai da abin hawa: da shi ake tafiyar, wanda ya kashe shi a hanya bai isa ba, bai kuma bar abin hawa ba.

4.0 Tsakanin Hisabi da Azabtar da Kai

Mai karatu zai iya cewa: ai Allah Ya yi rantsuwa da rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama, kuma Imam Gazali (ya rasu 505 BH) ya keɓe babi guda a Ihya'u kan sa wa rai ido da yi masa hisabi, har ya ambaci hora shi da yi masa faɗa. Shin kiran a tausasa wa kai ba zai buɗe ƙofar sakaci ba?

Amsar tana cikin manufar hisabin. Gazali ya kamanta shi da lissafin ɗan kasuwa da abokin cinikinsa, kuma ɗan kasuwa yana lissafi ne domin ya gane inda asara ta shigo ya toshe, gobe ya sake fita kasuwa. Alamar hisabi na gari ita ce ya ƙare da aiki: tuba, ko mayar da haƙƙi, ko gyara. Azabtar da kai kuwa zagaye ne da ba ya ƙarewa. Mai yin sa yakan kwana yana cewa "da na sani," yana kiran kansa marar amfani, har nauyin ya hana shi tashi sallar asuba, sai wannan ma ya zama sabon abin zargi. Hadisin Muslim kan mumini mai ƙarfi ya yi gargaɗi game da wannan "da na yi kaza," ya bayyana cewa ƙofa ce ta aikin Shaiɗan. Aya ta 53 ta Suratuz Zumar kuma ta hana masu laifi, komai yawansa, su yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Shari'a ta kula har da kalmomin da mutum yake faɗa game da kansa. Bukhari da Muslim sun ruwaito hanin mutum ya siffanta ransa da kalmar da ke nuna ƙazanta da mugunta yayin da ya ji ba daɗi, aka shiryar da shi ga wata kalma mai sauƙi. Imam Khaɗɗabi ya yi bayanin cewa ma'anar kalmomin biyu ɗaya ce, munin lafazin ne aka ƙi. Muslim kuma ya ruwaito hanin mutum ya yi wa kansa mummunar addu'a. To ina matsayin mai cewa "ni tsinanne ne," ko "gara in mutu in huta"? Akwai ma'auni mai sauƙi: duk maganar da zai zama haramun ka faɗa wa ɗan'uwanka Musulmi, ka tuna kai ma Musulmi ne. Hadisin da ya sharɗanta cikar imani da so wa ɗan'uwa abin da ake so wa kai ya ginu ne a kan cewa mutum yana so wa kansa alheri tun farko.

Wannan rangwame yana nan a littattafan da yaranmu ke karantawa. Ahalari ya bayyana cewa mai waswasi a salla zai watsar da waswasin, ba zai kawo abin da yake kokwanto a kansa ba, sai dai ya yi sujada bayan sallama. Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani (ya rasu 386 BH) ya kawo irin wannan hukunci a Risala game da mustankihi, wato wanda shakka ta aure shi. Ga asalin ƙa'ida, mai shakka yakan yi gini ne a kan yaƙini, amma da shakkar ta zama ciwo sai fiƙihu ya sauke masa nauyin, domin biye mata ƙara ta yake yi. Da wasu sahabbai suka kai kukan munanan tunane-tunanen da ke ɗarsuwa a zukatansu, waɗanda suke jin nauyin furtawa, Annabi (SAW) ya sanar da su cewa wannan ƙyamar da suke ji ita ce tsantsar imani. Haka nan ya kwantar da hankalin Hanzala lokacin da ya zargi kansa da munafunci don kawai zuciyarsa takan sauya idan ya koma cikin iyali da gona, ya nuna masa cewa kowane hali da lokacinsa.

5.0 Shin Kai Kuka Yana Warware Haƙuri?

Hausawa na cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, suna kuma cewa mai haƙuri shi ke dafa dutse. Kunya da dauriya da kawaici ɗabi'u ne da ake auna mutumci da su. Saboda haka namijin da ya ce zuciyarsa ta yi nauyi yakan ji tsoron a ce masa rago, matar da ta faɗi damuwarta kuma a ce ta tona asirin aure. Da yawa sukan ɗauka cewa addini ne ya ce su yi shiru.

Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 BH) ya warware wannan a littafinsa Uddatus Sabirina. Ya nuna cewa kai kuka ga Allah ba ya cin karo da haƙuri, domin Annabi Yaƙub, wanda ya yi alkawarin kyakkyawan haƙuri, shi ne kuma ya kai ƙarar baƙin cikinsa ga Allah, har idanunsa suka yi fari, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf. Abin da ke rushe haƙuri shi ne fushi da hukuncin Allah da kai ƙararsa wurin bayi. Amma sanar da wani mutum halin da ake ciki domin neman shawararsa ko taimakonsa, wannan bai taɓa haƙuri ba, kamar yadda majinyaci yake gaya wa likita inda ke masa ciwo.

Sira cike take da misalai. Da wahayi ya fara sauka, Annabi (SAW) ya koma gida zuciyarsa tana bugawa, ya nemi a lulluɓe shi, ya gaya wa Nana Khadija cewa yana jin tsoro a kan kansa. Ta saurare shi, ta tuna masa kyawawan halayensa, sannan ta kai shi wurin Waraƙa ɗan Naufal, wanda yake da ilimin abin da ya faru. A wannan ƙissa akwai matakai uku: furtawa, da lallashin makusanci, da kai al'amari ga masani. A Hudaibiyya kuma ya shiga wurin Ummu Salama ya gaya mata abin da ya dame shi, ya yi aiki da shawararta. Ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim. Malaman sira sun sanya wa shekarar rasuwar Khadija da Abu Ɗalib suna shekarar baƙin ciki, ba su ga aibi a sunan ba. Annabi Musa ma, da aka aike shi wurin Fir'auna, ya roƙi a ƙarfafa shi da ɗan'uwansa Haruna.

Akwai masu tsoron kada faɗin damuwa ya zama gulma, musamman idan ta shafi miji ko iyaye ko kishiya. Gazali da Nawawi sun lissafa wurare shida da ambaton aibin wani yake halatta, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci da neman fatawa. Daga cikin hujjojinsu akwai Hindu 'yar Utba, wadda ta gaya wa Annabi (SAW) cewa mijinta yana ƙuntata mata wajen ciyarwa, bai kuma hana ta faɗa ba, ya ba ta mafita. Sharaɗin shi ne a faɗa wa wanda zai iya taimakawa, gwargwadon buƙata. Baza sirrin gida a Facebook ko a dandalin WhatsApp bai shiga wannan rangwame ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma ba a tsakiyar kasuwa ake wankan ba.

6.0 Gadon Malamai

Abu Zaidil Balkhi (ya rasu 322 BH, daidai da 934 Miladiyya) ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya keɓe kashi na biyu ga lafiyar rai. Ya lura cewa mutum yana iya daɗewa jikinsa bai yi ciwo ba, amma da wuya ya wuni bai ji fushi ko tsoro ko baƙin ciki ba. Ya kasa baƙin ciki gida biyu: mai sanannen dalili, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake sauka ba tare da dalili ba, wanda ya danganta da jiki ya kuma ce yana buƙatar maganin jiki. Ya ce magani yana zuwa ta fuska biyu: daga ciki, ta hanyar kyawawan tunane-tunanen da mutum ya tanada tun yana lafiya kamar yadda ake ajiye magani a gida, da kuma daga waje, ta bakin mai nasiha, domin mutum ya fi karɓar magana daga waninsa, kuma mai damuwa ba ya ganin al'amarinsa sosai. Farfesa Malik Badri na Sudan, wanda ya rasu a 2021, shi ne ya fassara wannan kashi zuwa Ingilishi.

A ƙasarmu ma akwai abin koyi. Wajen shekarar 1807, Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya shiga ƙunci mai tsanani ganin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'ar jihadi, bayan da yawa daga abokansa na gari sun yi shahada. Ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Da ya iso Kano sai mutanenta suka tsayar da shi, suka nemi ya karantar da su. A nan ya yi musu tafsiri, ya rubuta Liya'ul Hukkami, daga baya ya koma. Shi da kansa ya ba da wannan labari a Tazyinul Waraƙat, bai ɓoye wa na baya halin da ya shiga ba. Jama'ar da ta riƙe shi da aikin da ta ba shi suna cikin sabuban dawowarsa.

Nana Asma'u (1793–1864) ta yi marsiyoyi da dama, ciki har da na ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da na aminiyarta A'isha, inda ta bayyana zafin rashi a fili tare da miƙa wuya ga Allah. Ita ce kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis, dattawan mata amintattu, suke kai ilimi ga matan karkara har cikin gidajensu.

7.0 Ƙofofin Agaji da Nauyin Malami

Al'ummar Hausawa ba ta rasa hanyoyin tallafa wa juna ba. Akwai aminci da ƙawance, da wasan jika da kaka wanda ke ba yaro damar faɗin abin da ba zai iya gaya wa iyayensa ba, da majalisar ƙofar gida, da zaman makoki, da zuwa wankan jego gidan iyaye, da gayya da adashi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da ake buƙata shi ne a mayar da waɗannan wurare inda za a iya faɗin gaskiya a saurara. A Zimbabwe, likita Dixon Chibanda ya horar da dattawan mata su riƙa zama a benci a harabar ƙananan asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa bisa tsari, kuma binciken da aka buga a 2016 ya nuna amfanin hakan. Wanda ya san tarihin jajis ba zai ga wannan baƙon abu ba, kuma makarantun Islamiyya na matan aure wuri ne da ya dace da irinsa.

A gari kamar Dagumawa, limami ko malamin zaure ko malamar Islamiyya su ne ake fara zuwa wurinsu. Hadisin mutumin da ya kashe rai 99 ya nuna hatsarin wannan matsayi: mai ibada marar ilimi ya rufe masa ƙofa, sai ɓarna ta ƙaru; malami kuwa ya buɗe masa ƙofar tuba, ya kuma tura shi cikin mutanen kirki, domin ya san fatawa kaɗai ba ta isa ba. Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ladubba biyar ga malami.

Na farko, ya saurara har mai magana ya gama kafin ya yi nasiha. Na biyu, ya riƙe sirri, domin abin da aka faɗa masa amana ce, kuma a ƙaramin gari magana ɗaya da ta fita takan rufe bakin mutane da yawa. Na uku, kada ya fassara kowace damuwa da raunin imani, domin annabawa sun yi baƙin ciki, kuma wannan fassara takan ƙara wa mai ciwo ciwo. Na huɗu, ya yi tambaya kan barci da abinci da bashi. Annabi (SAW) ya haɗa damuwa da baƙin ciki da nauyin bashi a addu'ar neman tsari guda, kuma aya ta 60 ta Suratut Tauba ta sanya masu bashi cikin masu cin zakka. Wani lokaci maganin zullumin manomi yana hannun mawadatan garinsa. Na biyar, ya san iyakarsa.

Iyakar ita ce inda damuwa ta zama cuta. Likitoci suna ɗaukar baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai da ya wuce mako biyu, kusan kullum, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasa yin aikin da aka saba, a matsayin alamar ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kusan mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa. Wasu cututtukan jiki ma, kamar ƙarancin jini, sukan zo da kasala mai kama da wannan. Idan kuwa mutum ya fara maganar kashe kansa, ko mai jego ta fara jin tsoron za ta cutar da jaririnta, to ba a jira, ba a kuma barin su su kaɗai. Ana iya farawa daga cibiyar lafiya ta kusa ko Babban Asibitin Wudil, daga nan a tura mutum sashen ƙwararru a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin majinyata. Ruƙiyya ta shari'a da addu'a tabbatattu ne, kuma Annabin da ya koyar da su shi ne ya yi umarni da neman magani. Babu dalilin da zai sa ɗaya ya hana ɗaya.

8.0 Kammalawa

An ga cewa rai amana ne mai haƙƙi, kuma shari'ar da ta hana cutar da wani ita ce ta hana mutum cutar da kansa, da aiki ko da harshe. An ga cewa hisabi na gari yakan kai ga gyara, kuma haƙuri yana zaune lafiya da hawaye da neman shawara da shan magani. Ana ba da shawara ga sassan nazarin addinin Musulunci su sanya wannan babi cikin horon limamai da masu wa'azi, tare da haɗin gwiwar ma'aikatan lafiya, sannan masu huɗuba su riƙa bayyana wa jama'a bambancin haƙuri da shiru. Shi kuma ɗalibi, idan ya gaishe da ɗan'uwansa ya ji "lafiya lau" alhali fuskarsa ta nuna akasin haka, ya samu wuri ya zauna, ya sake tambaya. Allah Ya yaye wa Musulmi damuwarsu. Allah ne Mafi sani.